Jirgi Ya Tashi Muna Cikin Dawa

Ranar Laraba ce, a ƙarshen damina, shekara ta biyu da shigowar korona. Na tashi kafin asuba na dama koko. An kwana ana ruwa, tsakar gidanmu a Tudun Fulani, cikin Minna, duk ta jiƙe. Anti Hauwa, matar yayana, tana zaune a bakin ƙofa tana cusa ƙuli-ƙuli da yaji a gefen akwati. Na ce mata a filin jirgi za su fitar da su. Ba ta ko ɗago ba. Maƙwabcinmu ya buɗe wa kajinsa. Ladan ya kira salla.

Sunana Rakiya, ina koyarwa a firamare. Yaya Umaru ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Walda yake yi a Kpakungu, har ƙodarsa ta daina aiki. Sau biyu a mako ake yi masa wankin ƙoda, ta wata roba da aka saka masa a wuya aka rufe da filasta. An gwada jinin 'yan gidanmu, nawa ne ya dace da nasa. Wani asibiti a Indiya ya yarda zai cire tawa guda ya dasa masa.

Asibiti ya samu, hanya ce ta gagara. Ejan ɗin da ke nema mana tikiti a Abuja ya ce ta Dubai a rufe take ga duk wanda ya taso daga Najeriya. Saura ta Addis Ababa, ita ma ba kullum ba. Biza ta mutum biyu aka ba mu, mara lafiya da mai bayarwa, shi ya sa Anti Hauwa ba za ta je ba. Sai an yi gwajin korona, kuma kada ya wuce awa saba'in da biyu kafin tashin jirgi. Karon farko an soke jirgin muna kan layi. Karo na biyu sakamakon gwajin bai fito ba sai da jirgi ya tafi. Wannan ne na uku, kuma bizar ta kusa ƙarewa.

Ranar Litinin mun je Abuja an zura mana tsinke a hanci. Mun dawo Minna saboda wankin Talata. Da yammacin Talatar sakamako ya fito, mu duka ba mu da cutar. Na buga takardun a shago, na haɗa da fasfo biyu da wasiƙar asibiti a ƙaramar jaka, na rataya a wuya ƙarƙashin hijabi. Jirgi zai tashi bayan azahar.

Ndagi direba ne zai kai mu a motarsa. Banufe ne ɗan Bida, yana haya a Barkin Sale, shi ke kai Yaya asibiti tun da ciwon ya fara. Ya iso gari na wayewa. Ya saka akwatuna a but, ya ce mini, "Malama, ka zauna baya da Oga, ka riƙe shi. Hanya babu kyau." Anti Hauwa ta leƙo ta taga ta ce, "Allah ya kai ku lafiya." Yaya ya ce mata ta riƙa kulle ƙofa da wuri.

Mun wuce Chanchaga. Mun wuce Paiko. Hanyar duk ramuka ce cike da ruwa, tireloli suna rarrafe. Yaya ya jingina kansa a kafaɗata ya yi barci. Ndagi ya kunna rediyo a hankali.

Wajen ƙarfe takwas motocin gabanmu suka tsaya. Mun ɗauka tirela ce ta faɗi. Ndagi ya kashe rediyo ya leƙa. Sai na ji ƙara sau biyu, kamar an buga kwano da ƙarfe. Aka yi shiru. Daga nan ƙarar ta ɓarke ba tsayawa.

Babura suka fito daga cikin daji ta hannun dama, kowanne da mutum biyu ko uku. Wasu sun naɗe fuska, wasu ba su naɗe ba. Yara ne ƙanana da yawansu.

"Ku fito! Kowa ya fito!"

Ndagi ya saka giyar baya. Motar ta daki bas ɗin da ke bayanmu. Ya sake gwadawa. Gilashin gaba ya tarwatse. Kansa ya faɗa kan sitiyari, hon ya kama kuka bai daina ba.

"Ku kwanta! Wanda ya gudu ya mutu!"

Na buɗe ƙofar hagu na jawo Yaya. Muka faɗa cikin kwatar gefen titi, ruwa har gwiwa. Mutanen bas suna ta fitowa ta taga. Wata mata ta wuce mu da gudu, goyonta ya karkace. Wani mutum mai farar riga ya tsallake kwatar, ya yi taku kaɗan, ya faɗi. Bai sake motsi ba. 'Yan bindigar suna ɗaya gefen titin suna tara mutane. Bayan kwatar akwai gonar dawa, ta yi tsayi ta fi mutum. Muka rarrafa muka shige.

Yaya ba ya iya gudu. Ƙafafunsa a kumbure suke tun kafin ranar. Na saka hannunsa a wuyana muna tafiya muna faɗuwa. Ganyen dawa yana yankar fuska. Takalmina ɗaya ya maƙale a laka, na bar shi. Har yanzu muna jin hon ɗin motar Ndagi. Da muka yi nisa Yaya ya zame ƙasa ya ce, "Rakiya, je ki." Na kwanta kusa da shi tsakanin kunya biyu, na ja hijabina na rufe mu.

Hon ɗin ya mutu. Muka ji babura suna zagaya gonar. Wani ya yi harbi cikin dawar, kara suka karye a samanmu. Muka ji muryar namiji yana roƙo, yana cewa yana da ciwon suga. Aka ce masa, "Tashi! Wuce!" Muryoyin suka yi gabas, suna raguwa har suka ɓace.

Ba mu tashi ba. Rana ta hau. Tururuwa suna bin ƙafata, ina kallon su. Filastar wuyan Yaya ta ɓalle, laka ta shafi bakin robar. Na goge da gefen ɗankwalina. Ba ni da wani abu mai tsabta. Ban yi kuka ba, ban kuma yi addu'a mai tsawo ba. Abin da nake ta lissafawa shi ne, in mun samu mota yanzu, ko za mu iske jirgin. Na lalubi wayata, na tuna tana kan kujerar mota.

Can muka ji kiran sallar azahar daga nesa, siriri. Yaya ya buɗe ido ya ce, "Jirgi ya tashi ke nan." Na ce, "Ya kusa." Muka yi taimama muka yi salla a zaune.

Kiran sallar muka bi. Muka fito wani ƙauyen Gwarawa, rabin gidajen a buɗe babu kowa. Wata tsohuwa ta gan mu, ba ta tambaye mu komai ba. Ta kawo ruwa a ƙwarya. Yaya ya kurɓa sau biyu ya miƙa mini, don likita ya hana shi shan ruwa da yawa. Tsohuwar ta ɗauka ƙyama yake yi. Ta ce da 'yar Hausarta, "Ruwa mai kyau ne, Baba." Ya ce, "Na sani, Mama. Jikina ne ba ya fitar da shi." Ta ba ni silifas ɗinta.

Bayan la'asar wani mai babur ya yarda ya fitar da mu. Na zauna a baya, Yaya a tsakiya, na riƙe shi da hannu biyu. Muka ɓullo kan kwalta nesa da inda abin ya faru. Akwai motocin sojoji a lokacin, hanya ta buɗe, tireloli suna wucewa kamar kullum. Wani mai ɗaukar doya ya kai mu Suleja. A wani ƙaramin asibiti aka wanke wuyan Yaya aka sake rufewa. Da wayar nas na kira Anti Hauwa. Labari ya riga ya kai Minna, an ga motar, an ga Ndagi. Tana jin muryata ta saki wayar.

Da safe muka tafi filin jirgi. Ban san abin da ya sa ba. Babu akwati, babu waya, kayanmu sun bushe da laka a jiki. A bakin ƙofa aka ce sai da takunkumin fuska, muka saya a wajen wani mai talla. Aka ɗora mana na'ura a goshi. Aka fesa mana maganin wanke hannu.

Matar da ke kan tebur ta karɓi takardunmu ta duba. Ta dubi ƙafata. Ta ce jirgin jiya ya tafi, na gaba mai haɗawa da Indiya sai Asabar. Ta ce gwajinmu ya riga ya cika awanninsa da safen nan.

Na ce, "'Yan bindiga ne suka tare mu."

Ta ce, "Sannu. Wallahi sannu. Amma ko na bar ku a nan, a Addis za su mayar da ku. Ku sake gwaji yau, zan riƙe muku kujera."

Muka sake. Muka sauka a ɗakin wani abokin Yaya a Suleja muna jira. Ranar Juma'a da yamma sakamako ya fito a wayar abokin. Nawa babu komai. Na Yaya ya nuna yana da korona. Ba ya tari, ba ya atishawa. Ko a asibitin Suleja ya ɗauka, ko a wajen wanki, ko a motar doya, babu wanda ya sani. Ejan ya ce sai an killace shi mako biyu, sannan a sake gwadawa. Na ce bizar ba za ta kai ba. Ya ce zai rubuta wa ofishin jakadanci.

Muka dawo Minna ta hanyar da muka bi. Wurin yana nan. Gilashi a warwatse a kan kwalta, baƙin mai a inda motar ta tsaya. Dawar tana tsaye. Direban motar da muka shiga bai rage gudu ba.

An riga an kai Ndagi Bida an binne shi tun ranar Alhamis. Ya bar mata da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya a Barkin Sale. Ban samu zuwa gaisuwa ba, don ni ma an ce in zauna a gida. Ta waya na yi wa matarsa ta'aziyya. Ta tambaye ni ko ya yi magana. Na ce bai yi ba.

Aka ware wa Yaya ɗakin zaure. Anti Hauwa tana ajiye abinci a bakin ƙofa, ni nake shiga da takunkumi. A asibiti aka mayar da wankinsa can yamma, shi kaɗai, bayan kowa ya tafi, kuma ba kowane mako ake samun sau biyu ba. Bakin robar ya fara ruwa. Zazzaɓi ya shiga. Aka cire ta aka saka wata a cinya.

Mako biyu suka cika, gwaji ya nuna koronar ta tafi. Bizar ta riga ta ƙare. Aka ce a nemo sabuwar wasiƙa daga asibitin Indiya. Aka nemo. Aka ce a sake hotuna, a sake gwajin jinina don na baya ya tsufa. Na sake. Muka aika fasfo Abuja. Ana cikin haka aka sanar da ɓullar wani sabon nau'in cutar, ƙasashe suka fara rufe ƙofa ga jiragen Afirka. Ejan ya ce kowa jira yake, dokar safe ba ita ce ta yamma ba. Ya ce ana maganar hanyar Nairobi. Bayan kwana biyu ya ce a manta da ita.

Yaya ya daina tambayar labarin biza. Ya rame a sama, ya kumbura a ƙasa. Wata rana ya sa aka kira yaran shagonsa, ya raba musu injin walda da sauran kayan aiki. Ya ce da ni, "Ki koma makaranta, kin bar yaran mutane." Na ce sai mun dawo.

Ranar wata Talata, ana tsakiyar wanki, injin ya fara ƙara. Ina zaune a benci a waje. Na ga nas ta fito da sauri ta koma da likita. Ƙarar ta tsaya. Likitan ya fito ya cire takunkuminsa kafin ya yi magana. An yi masa sutura kafin magariba.

Bayan sadakar bakwai ina wanke tukwane a tsakar gida, wayar Anti Hauwa ta yi ƙara. Tana takaba a ɗaki, ta miƙo mini ta labule. Ejan ne.

"Malama, albishirinki. Biza ta fito. Akwai kujera biyu ta Addis ranar Asabar. Ku zo gwaji Alhamis da sassafe."

Na ce, "Yaya ya rasu."

Ya yi salati. Ya tambaye ni yaushe, na faɗa masa. Ya ce to fasfo ɗin fa, ya aiko da su ta tasha? Na ce ya aiko. Na ajiye wayar a kan turmi na ƙarasa tukwanen.

Mu uku muka fita a motar nan. Ndagi yana Bida. Yaya yana maƙabartar unguwarmu, kusa da katanga. Mutanen bas ɗin da aka kora daji ban san sunan ko ɗaya ba, ban kuma ji ko nawa ne suka dawo ba.

Ranar Litinin na koma makaranta. Yara suka miƙe suka gaishe ni. Na ce su zauna.