Ragon da Baba Ilu Ya Ƙi Kaiwa Gida

Duk wanda ya yi aiki a kamfaninmu na sayen riɗi a Dutse ya san marigayi Baba Ilu direba da hulunansa biyu. Baƙa ta aiki ce, fara ta gida. Da lokacin tashi ya yi, zai ninke baƙar ya sa farar, kuma daga nan ba ya taɓa makullin mota sai an yi maganar ladan ƙarin lokaci. Ni ne mai kula da sito, zan kawo abin da na gani bi da bi.

Na fara da ranar da muka je garin Miga. Mun je duba kaya da manaja, lokacin tashi ya riske mu a hanya. Baba Ilu ya gangara gefen titi, ya canja hula, ya zagayo ya zauna a baya kusa da manaja.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Direban ya tashi. Yanzu dukkanmu fasinjoji ne."

"To wa zai kai mu gida?"

"Akwai wani mai kama da ni. Amma shi doka ta ce a biya shi daban."

Manaja bai iya mota ba, ni ma haka. A nan aka daidaita, ni ne shaida.

Labari ya kai ga Alhaji mai kamfanin, ya kira shi da lallashi. "Haba Malam Ilu, ni da kai ai 'yan uwa ne."

"Haka ne, Alhaji. Amma ƙanenka in ya kawo riɗi, na ga sai ka ɗora a sikeli."

Sai babban al'amarin. Wata kaka muka yi ta wuce lokaci, leburori da masu tankaɗe da mu duka, ba a biya kowa ba. Da Babbar Sallah ta matso, Alhaji ya raba mana shadda da shinkafa, muka durƙusa muka yi godiya. Baba Ilu kuwa rago aka ba shi, ƙato, don a rufe masa baki. Ya yi godiya shi ma, ya ja ragon ya ɗaure a bakin ƙofar kamfani.

Na ce, "Baba, Inna Hajara na jiran ragon nan a gida." Matarsa ke nan.

Ya ce, "Malam Sabo, in na yanka shi, haƙƙin matan nan masu tankaɗe na yanka. Gobe ka tambaya, a ce ai an yi muku Sallah."

Shekarar nan gidansa ba a yi layya ba. Manaja ya gaya masa a fili aikinsa na rawa. Bai kwance ragon ba. Kullum da safe zai ba shi dusa daga aljihunsa, kuma duk baƙon da ya tambaya, ko dillali ko limamin unguwa, amsa ɗaya yake samu: "Wannan ladan ƙarin lokacinmu ne, muna jira ya zama kuɗi."

Ragon ya yi ƙiba har ya fara tunkuyin mutane. Ranar da ya tunkuyi wani babban mai saye daga Kano, mutumin ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ji tarihin ragon daga farko har ƙarshe, sannan ya juya ya zuba wa Alhaji ido. A ƙarshen watan aka biya kowa, aka sa abin cikin yarjejeniyar aiki.

Alhaji ya ce, "To yanzu ka ɗauke ragonka."

"Yanzu kyauta ce, Alhaji. Na gode, Allah ya ƙara arziki."

Ban taɓa ganin mai ƙaramin albashi da tsayuwa irin tasa ba. Matan da ke tankaɗe a yau suna karɓar haƙƙinsu, yawancinsu ba su san shi ba. Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya haskaka kabarinsa, ya biya shi ladan da babu mai riƙe masa. Amin.