Kwamfutar Marigayi a Orozo

Muna idar da sallar asuba muka bar Kaduna, ni da wani abokina da na roƙa ya raka ni da motarsa. Dalilin rakiyar kuwa, ban yarda da tafiyar ba. Wani mutum ne da ban sani ba ya kira ni, ya ce ya ji ni ne mai gyaran kwamfutocin da, akwai wata a Orozo, gaba da Karu, in zo in duba. Na tambaye shi wa ya ba shi lambata, ya ce ya manta. Matata da ta ji haka cewa ta yi in zauna gida. Abin da ya fi ƙarfina shi ne hoton da ya turo: irin wadda a zamaninta ake kira ƙaramar kwamfuta, alhali ta kai tsayin firji. Irinta na fara taɓawa a wata masaƙa ina saurayi, kuma na ɗauka babu sauran mai rai a ƙasar nan.

Hanya ba laifi, sai dai wuraren da ake aiki aka mai da hannu ɗaya, ga tireloli suna tafiya kamar ba sa so. Duk inda muka rage gudu sai in duba madubi in ga wa ke bayanmu. A Zuba muka tsaya karin kumallo, shayi da burodi da ƙwai, kusa da kasuwar kayan marmari inda ake sauke ayaba da lemo daga manyan motoci. Wani mai abarba ya rantse mini tasa kamar zuma. Na sa ya yanka na ɗanɗana kafin in saya, abokina yana dariya, wai yau ko abarba ba ta tsira daga zargina ba. Farashin dai ya kusa ninka wanda na sani bara.

Daga nan muka bi ta Kubwa muka ratsa cikin gari, muka faɗa cunkoson Nyanya. Bayan Karu da Jikwoyi gidaje suka fara raguwa, gonakin rogo da masara suka fara leƙowa ta tsakanin shagunan bulo. A Orozo mutumin ya tare mu a bakin titi, ya ja mu wani lungu mai kwazazzabo har gaban wani babban ƙyauren ƙarfe. Muna shiga aka ja shi aka sa kwaɗo. Na kalli abokina, ya kalle ni.

Ashe masana'antar ƙyamare ce da tagogi. Mai wurin wata dattijuwa ce 'yar Filato, kowa Madam yake ce mata. Mijinta ne ya kafa wurin, ya sayo tsohon injin yanka ƙarfe daga Turai, wanda kwamfutar ke ba umarni, ya rasu ya bar mata. Wanda ya kira ni ƙanen marigayin ne, shi ne manaja. Ma'aikata na zaune a inuwa ba aikin yi, tun da faifan kwamfutar ya mutu injin ya tsaya.

Madam ba ta yi mini wata doguwar maraba ba.

"Malam, mutum biyu sun zo kafin kai," in ji ta, da irin Hausarsu ta Abuja. "Ɗaya ya tafi da waya, ɗaya ya tafi da fanka. Kwamfuta bai tashi ba. Kai me za ka tafi da shi?"

Na ce, "Madam, in Allah ya so, jakata kawai."

Ta sa aka kawo mata kujera, ta zauna dab da ni, ta ɗora wata jakar leda a cinya. A ciki kaset ɗin manhajar yake, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, kuma shi kaɗai ne ya rage.

Ga matsalar a taƙaice. Tsohon faifan, mai girman tukunyar biki, ba a ƙera irinsa yanzu. Madam ta yi odar wani na hannu daga waje, ƙarami, da allon da ke haɗa shi da kwamfutar. Amma manhajar ta haddace tsarin tsohon: yawan kawunan da ke karatu, yawan layukan da ke kan faifai, da yadda aka yanka kowane layi. Idan ka ba ta wani faifai daban, sai ta je neman abu inda ba ya nan. Dole in tayar da kwamfutar daga kaset, in gyara ɓangaren da ke magana da faifai, in sake harhaɗa manhajar, sannan in zuba ta a sabon. Kaset ɗin kuma ya tsufa, yana iya tsinkewa a karatun farko.

Na goge kan na'urar karatun da auduga, na yi bismilla, na karɓi kaset ɗin daga hannun Madam, wadda sai da ta ɗan riƙe shi kafin ta saki. Ya juya yana ƙara kamar tsohon keken ɗinki, amma ya karantu. Kafin komai na kwafe abin da ke ciki zuwa tawa kwamfutar. Na saita 'yan ƙananan makunnan da ke kan allon sabon faifan, na ɗauki hotonsu don kada in manta, na sauya lissafin tsarin, na zuba manhajar. Da na kunna, ta rubuta layi ɗaya ta tsaya cak. Na manta ɗan guntun manhajar da ke fara tayar da ita, shi ma da tsohon lissafi yake aiki.

Da na fita sallar la'asar manaja ya biyo ni wajen famfo.

"Oga Injiniya, kana wahalar da kanka," ya ce a hankali. "Injin nan ya gama. Ka faɗa wa Madam gaskiya, ba zai gyaru ba. Akwai mai saye a ƙasa, kuma ba za mu manta da kai ba."

Na ce masa zan duba. A raina kuwa sai yanzu na gane abin da ya sa aka nemo ni daga nesa: ana son baƙo mai furfura ya yanke hukunci, ya koma garinsu.

Muka kwana a wani masauki a Karu, inda muka ci tuwon shinkafa da miyar da ta fi kama da ruwan zafi. Abokina ya ce mu kama hanya da safe mu bar musu rigimarsu ta gado. Na kusa yarda. Amma na tuna ma'aikatan nan da ke zaune a inuwa, kuma gaskiya ina son in ji ƙarar injin nan.

Da safe na gyara guntun da na manta, na kunna. Shiru, ko layin jiya babu. Kwamfutar ta ce ba ta ga faifai ba sam. Manaja na tsaye a bakin ƙofa yana girgiza kai cikin tausayi. Na ciro allon na gwada da hoton da ke wayata. Makunni ɗaya ya sauya wuri. Abu ne da ba ya motsawa sai an sa masa tsinke. Na mai da shi, na sake kunnawa.

Rubutu ya fara gangarowa a allon kallo, kore shar, har kwamfutar ta tsaya tana jiran umarni. Aka kira babban ma'aikacin, ya ɗora falange, wato faffaɗan ƙarfe, a kan injin, ya zaɓi zanen wani ƙyaure. Injin ya yi gurnani, wuta ta fara bin ƙarfen tana fitar da zanen fure. Ma'aikata suka ɗau ihu, wani yana Alhamdulillahi, wani yana Haleluya. Madam ba ta yi ihu ba, hannu kawai ta sa ta rufe baki.

Na zuba kwafin manhajar da na gyara a filashi, na sa mata a tafin hannu tare da kaset ɗin.

"Madam, wannan kada ki ajiye shi a ofis. Ki kai gida. Ɗakin nan kuma a sauya masa kwaɗo."

Ta kalle ni, sannan ta kalli ƙofa, inda manaja ya riga ya ɓace.

"Na sani, Malam," ta ce. "Ƙanen mijina ne, yaransa a gidana suke cin abinci. Ka bar ni da shi."

Duk da haka, sai da ta sa na buɗe jakata a bakin ƙyaure ta leƙa ciki. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Da ni ne ita, har aljihu zan duba.

Mun shigo Kaduna ana kiran magariba, matata ta tare ni da tambayar ko mutanen kirki ne. Na ce mata akwai na kirki, akwai na banza. Na tafi Orozo ina tsoron daji da ƙyauren da aka kulle, wanda ya kamata in ji tsoro kuwa shi ne ya fi kowa fara'a, shi ya riƙe mini jaka. Wadda ta tsare ni da ido kamar ɓarawo, ita ce mai gaskiya a wurin. Abin da na koyo ke nan: zargi ba laifi ba ne, amma ka iya zaɓar inda za ka ajiye shi. Kuma duk wanda zai bar aiki ya kwana a wurin da ba nasa ba, ya ɗauki hoto kafin ya fita.