Alhaji Almu Maharazu, Sarkin Burtalin Giwa

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Alhaji Almu Maharazu a shekarar 1946 a ƙauyen Rafin Kanya da ke kudancin ƙasar Bauchi. Mahaifinsa, Malam Maharazu, manomi ne kuma na'ibin limamin ƙauyen, mahaifiyarsa kuwa, Malama Zaratu, ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar galibin tsararrakinsa. Yana ɗan shekara goma hukumar wancan zamani ta yanke kusan rabin gonakin ƙauyen ta haɗe su da gandun dajin da aka keɓe wa namun jeji. Tun daga lokacin kalmar gandu, wadda a da babbar gonar gida ake nufi da ita, ta zama abin fargaba a bakin mutanen Rafin Kanya.

Karatu, aiki da aure

Bayan ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, ya yi firamare a Alkaleri da sakandare a Bauchi, sannan ya shiga makarantar koyon aikin gandun daji, ya kammala a 1968. Shekara goma sha uku ya yi yana aikin jami'in daji, har ya kai ga sanin garkunan giwayen yankin da hanyoyin da suke bi zuwa ruwa. A 1972 ya auri Malama Khadijatu, ma'aikaciyar jinya, 'yar wani arɗon Fulani da ke mashekari kusa da ƙauyensu.

Zaman Landan

A 1982 ya tafi Landan ƙaro ilimi kan kula da namun daji, iyalinsa suka bi shi bayan shekara guda. Da Malama Khadijatu ta sami aikin jinya na dindindin, sai suka zauna a wani ɗan flat na council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, a Barking, shi kuma ya kama aikin tafinta a wani asibiti a Marylebone, yana fassara wa majinyata 'yan Arewa maganar likita. Amininsa Saani, mutumin zangon Kumasi mai shagon kayan miya a kasuwar Deptford, ba ya ganinsa bai tsokane shi ba: "Malam Almu, giwa a garin wani zomo ne! Kai da kake kore toron giwa, yanzu jirgin tube kake gudu kar shi bar ka." Shi dai murmushi yake yi, ya ɗauki daddawarsa ya tafi.

Musibar 1986

Bayan farin shekarun 1983 da 1984, mutanen Rafin Kanya sun gangara da gonakinsu zuwa fadama, alhali ta nan ne giwaye suke bi zuwa rafi tun kaka da kakanni. Da kakar 1986 garke ya ratsa gonakin ya cinye dawa, ya kuma tattake Katumi, 'yar Mahamudu ƙanin Almu, yarinya 'yar shekara tara da aka tura korar tsuntsaye. Dole a faɗi wannan a fili: babu amfanin gonar da ya kai a tura yaro shi kaɗai bakin daji dominsa.

Jama'a suka yi alkawarin zuba guba a mashayar giwayen. Hukuma kuma ta aiko da gargaɗi cewa duk ranar da aka kashe giwa ɗaya, za a tashi ƙauyen baki ɗaya a mai da shi wani wuri. Abin da ke gaban Almu ke nan daga wannan shekara: ko a sami sulhu, ko Rafin Kanya ta ɓace da kushewun iyayensa a cikinta.

Kaset na farko

Da taimakon wata ƙaramar ƙungiyar kare namun daji a Landan, ya tsara shawara mai sauƙi: a bar wa giwaye zirin ƙasar da suke bi, a daina nomansa, su wuce rafi ba tare da sun haɗu da kowa ba. Kasancewar yawancin mutanen ƙauyen ba sa karanta boko, sai ya ɗauki bayanin a kaset a farkon 1987, ya ba wani ɗalibi mai komawa gida ya kai wa dagaci. Sai dai a cikin bayanin ya yi amfani da kalmar ofis da bakinsa ya saba da ita, ya ce a keɓe wa giwaye "ɗan gandu".

Aka saurara a ƙofar dagaci, kuma babu wanda ya ji abin da ya biyo bayan wannan kalma. Aka yanke cewa Almu ya sayar wa Turawa sauran gonakin. Kaset ɗin ya dawo Barking an goge muryarsa, an ɗora ta Mahamudu a kai: "Yaya, mun ji. Ƙasa ba ta gama kwantawa a kan Katumi ba ka aiko a ba wadda ta kashe ta gona. Sanyin Ingila ne ya shige maka kai, ko kuɗinsu?" Ƙungiyar ma da ta ji haka sai ta janye, aka kira shi aka ce an yi cancel ɗin tafiyar gida da aka shirya masa.

Burtali

Watanni ya yi yana juya lamarin. Wata Lahadi yana zana wa matarsa fasalin wurin a kan teburin cin abinci, ga gona nan, ga gona nan, ga hanya a tsakiya, sai ta ce, "Malam, wannan ne gandun naka? Ai burtali ne. Mu da shanunmu haka muke ratsa gonakinku, wa ya taɓa cewa an ƙwace masa ƙasa?"

Domin jikokinsa da aka haifa a nan Landan, waɗanda ake yi wa Hausa su amsa da Turanci: burtali hanya ce da manoma ke bari tsakanin gonaki domin shanun makiyaya su wuce. Ƙasar ta gari ce, ba ta hukuma ba. Dagaci da sarkin noma da arɗo ne ke shata ta, a dasa aguwa a gefenta, kuma wanda ya nome ta shi ne mai laifi, ba saniyar da ta ci ba. Hukunci ne da kowane tsoho a Rafin Kanya ya sani, ba sai an koya masa daga Landan ba.

Bai sake aika kaset ba. Ya gaya wa Saani, "Na yi booking, da bakina zan je in faɗa," Saani kuma ya zagaya 'yan kasuwar Deptford, 'yan Gana da 'yan Arewa, suka ɗauke masa nauyin tafiyar. A watan Afrilun 1988 ya isa ƙauyen, ya fara da yi wa ƙaninsa ta'aziyya, sannan ya nemi surukinsa arɗo ya raka shi gaban dagaci. Da ya ce burtali yake roƙo, ba gandu ba, sarkin noma ya tambaye shi, "To wane ne arɗon giwayen, in sun ƙetare aguwa mu kama shi?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne." Aka yi dariya a fadar, wadda aka daɗe ba a yi ba, kuma kafin faɗuwar damina aka shata hanyar. Waɗanda gonakinsu suka faɗa ciki aka yi musu gayya aka share musu sababbi a tudu. Mahamudu ne ya dasa aguwar farko.

Shekarun nasara

Daga 1988 zuwa 1997 duk hutunsa na shekara a can yake yin sa, ragowar watannin kuma kaset na kai da komo tsakanin Barking da Rafin Kanya. Ya kafa sharaɗin da bai taɓa sassautawa ba: da kaka, ba a tura yaro gonar da ke bakin burtali, manya ne ke gadi a kan rumfuna masu tsayi, kuma in garke ya taso a buga ganga daga ƙauye zuwa ƙauye domin mata su tattara yara gida. A 1993 ya sa aka fara noman barkono a gonakin gefen hanyar, saboda giwa ba ta cin sa, matan ƙauyen kuma suka sami abin kai wa kasuwa. Ba a ce ɓarna ta ƙare ƙaf ba, domin a 1991 wani toro ya fasa rumbuna biyu, amma ba a ƙara rasa rai ba, na mutum ko na giwa. Ƙauyuka shida na maƙwabta suka shata nasu burtalin. A 1996 dagatan yankin suka haɗu suka naɗa shi Sarkin Burtali, a shekarar da ya sauke farali, kuma a 1998 hukuma ta janye batun tashin Rafin Kanya a hukumance.

Rasuwa

Ciwon zuciya ya kwantar da shi a ƙarshen 1998, ya rasu a gidansa da ke Barking ranar wata Alhamis cikin watan Maris na 1999, yana da shekara hamsin da uku. An sallace shi bayan Juma'a, aka binne shi a sashen Musulmi na wata maƙabarta a gabashin Landan, bisa wasiyyarsa cewa kada a jinkirta shi. A Rafin Kanya manoma da makiyaya na ƙauyuka bakwai suka yi masa sallar ga'ib.

Ya bar matarsa Hajiya Khadijatu da 'ya'ya huɗu: Karimatu, Zailani, Safura da Masawudu, da jikoki biyu. Ya kuma bar ƙaninsa Malam Mahamudu, wanda aka naɗa a gurbinsa, yana noma gonar mahaifinsu a ƙauyen da ba a tasa ba. Allah ya haskaka makwancinsa, ya raya abin da ya bari. Amin.