Shantun Ɗan Fari

Ban iya shantu ba sai da na yi aure har na haihu, kuma wadda ta koya mini ta sha faɗa a gaban mutane cewa tun da take ba ta taɓa ganin cinya mai taurin kai irin tawa ba.

Muna zaune a Unguwar Dosa, a Kaduna, a lokacin, 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki. Unguwar ba ta cika ba tukuna. Tsakanin gida da gida akwai gonar rogo, in iska ta juyo kuma sai ka ji kukan jirgin ƙasa daga tasha. Maigidana akawu ne a ofishin gwamnati, ɗan malamai daga Zariya, mutum mai son tsari, wanda ko kekensa ba ya jingine shi a karkace.

Ɗanmu na fari kakarsa ce ta yaye shi a Zariya, kamar yadda aka saba. Da ya kai shekara biyar sai ta dawo mana da shi da kanta. Ta ce ba ya magana, ba ya waiwayowa in an kira shi, ba ya shiga cikin yara, ita kuma ƙarfinta ya ƙare. An yi rubutu ya sha, an yi hayaƙi. Mahaifinsa ya kai shi asibiti, likita ya duba kunnuwansa ya ce lafiyarsu lau, sai dai haƙuri. Abu ɗaya yaron yake so a duniya: ya zauna a gindin randa da ludayi yana ƙwanƙwasa ta. In an karɓe ludayin, sai ihu da birgima har maƙwabta su leƙo.

Ga shi kuma ɗan fari ne. Ba na faɗin sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, ko tuwo zan ba shi sai in ajiye in kau da kai. Ta gefen ido nake kallonsa, abin yana cina a rai.

A bayan gidanmu akwai wata tsohuwa Bakatsiniya da muke ce wa Iya. Zabiya ce a da, ta yi kiɗan ƙwarya da shantu a gidajen biki har muryarta ta dushe, sannan ta zo Kaduna wajen ɗanta tana sayar da daddawa. Wata ranar hantsi ta shigo aron rariya. Na miƙa mata, amma ba ta karɓa ba, ta karkata kai tana saurare.

"Wa ke wanga kiɗi?"

"Ba kiɗa ba ne, Iya," na ce. "Yaron nan ne. Haka yake wuni."

"Yi mini shiru, ɗiyata."

Ta ɗauki ƙwaryar da na wanke, ta kife ta a ƙasa nesa da shi kaɗan, ta zauna ta miƙe ƙafa. Bai ko dube ta ba. Ya buga randa, ƙwas ƙwas, ya ɗan tsaya, ƙwas. Iya ta buga ƙwarya da yatsu daidai yadda ya yi. Hannunsa ya tsaya a sama. Ya sake bugawa, ta mayar masa. Ya yi sauri, ta yi sauri. Ya buga guda ɗaya tak mai ƙarfi, ita ma ta zabga guda har ƙwaryar ta yi tsalle. Sai yaron nan ya juyo gaba ɗaya, ya dubi tsohuwar a ido, ya ƙyalƙyale da dariya.

Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ran nan. Ashe irin ta mahaifina ce, mai shaƙewa a ƙarshe. Rariya ta faɗi daga hannuna, na zauna a kan turmi ina dariya ina share hawaye da bakin zane, akuyarmu ta samu sarari ta shiga cikin garin da na tankaɗe, ban ko kore ta ba.

Da Iya ta tashi tafiya ta ce, "Yaronki magana yake yi tun ɗazu, amsa ce bai samu ba. Ni gwiwoyina sun mutu, ba kullum zan iya zuwa ba. Ke za ki koya."

"Ni? Iya, ɗan fari ne fa."

"To ki rataye kunyar a ƙusa, in kun gama ki ɗauki abarki."

Washegari ta kawo mini shantu, dogo, ya yi baƙi don tsufa, an yi masa zane da wuta. Na zata abin wasa ne. Za ki buga gindinsa a cinya, ki rufe bakinsa da tafin hannu ki buɗe, zobban hannunki kuma su ba da tasu ƙarar. Ni in na tuna da cinya sai in manta da hannu. Sautin da nake fitarwa kamar saniya mai mura. Iya ta yi dariya har ta kwanta a tabarma, ta ce in da a gidan biki ne da amarya ta fasa auren. Cinyata ta yi tabo, na riƙa ɗingishi, maigida ya tambaya na ce na buge ne da turmi, ya dube ni ya dubi shantun da ke leƙowa daga ƙarƙashin gado.

Amma bugun ba shi ne mai wuyar ba. Mai wuyar shi ne abin da Iya ta fi nacewa a kai, wato jira. Da na fara iyawa sai zumuɗi ya kama ni, na je gaban yaron na ɓarke da kiɗa, shi kuwa ya toshe kunnuwa ya ruga ɗaki.

"Kin gani?" in ji Iya. "Kin shiga gidan mutum ba sallama. Shi zai fara, ke ki bi. In ya yi shiru ki yi shiru. Kuma kada ki zauna a gabansa kamar alƙali, zauna a gefe."

Ta koya mini in saurari numfashinsa kafin in taɓa shantu. In yana haki, in fara da sauri kamar yadda yake, sannan in riƙa ragewa kaɗan kaɗan har ya biyo ni ya lafa. Ta koya mini in yi wa kowane abu waƙarsa, ta wanka daban, ta cin tuwo daban, kuma kada in canza ko kalma. Daga nan wanka ya daina zama kokawa. Sai kuma babbar dabararta: in kai waƙa kusa da ƙarshe in tsaya cak, in bar gurbin kalmar ƙarshe a buɗe, in ƙi cikawa komai daɗewar shirun. Ni da ba na iya barin magana a rataye, har cizon leɓe nake yi.

Wata rana maigida ya dawo da wuri ya same mu tsakar gida, ni da Iya da yaron, kowa da abin bugunsa. Ya tsaya riƙe da keke, ya gyara murya.

"Yanzu gidan nawa ne ya koma gidan makaɗa? Me za a ce a masallaci?"

Kafin in buɗe baki, yaron ya tashi, ya je ya miƙa masa ludayi. Yaron da bai taɓa miƙa wa kowa komai ba. Maigida ya dubi ludayin kamar an ba shi maciji. Iya ta ce, "Malam, an ba ka, sai ka karɓa." Ya saki keke, keken ya faɗi, shi kuma ya tsuguna da farar rigarsa ta ofis a gindin randa, ya fara bugawa. Allah ya ba shi ilimi, ya ba shi kyawun rubutu, amma bai ba shi kiɗa ba ko na anini. Yaron ya saurara, ya ɓata fuska, ya kama wuyan hannun ubansa da hannu biyu ya riƙa buga masa yadda ya kamata. Maigida ya ɗago ya dube ni, hularsa ta karkace, bakinsa har kunne.

"Kin ga ya riƙe ni? Kin gani ko?"

"Na gani, Malam."

"Iya, kin gani?"

"Na gani. Buga dai, ka sake ɓata masa."

Daga ranar ya daina maganar masallaci. Abin da kawai ya roƙa shi ne a riƙa sakaya ƙofar zaure in ya zauna.

Labari ya bazu a bakin rijiya. Wata mata daga wajen Kawo ta zo goye da 'yarta, yarinya mai wayo da surutu, amma ƙafafunta a sandare suke, in ta taka sau biyu sai ta kife. Iya ta sa uwar ta riƙe ta ta hammata, ni kuma in buga a hankali, kowane bugu taki ɗaya. Da farko yarinyar dariya ta hana ta ɗaga ƙafa. Bayan 'yan makonni tana tafiya daga bakin ɗaki zuwa rumbu riƙe da yatsan uwarta, tana ba ni umarni, "Inna, ƙara sauri!" Wasu matan ma suka fara kawo nasu. Ranar Alhamis da hantsi tsakar gidanmu ta zama wani abu daban, ƙore a kife, gwangwanaye da tsakuwa a ciki, manyan mata da zannuwa a ɗaure a ƙugu suna rarrafe suna kukan kaza don wani yaro ya ɗago kai. Iya na zaune kan kujera 'yar tsugunno tana gyara mu. "Ke, kin cika baki, bar shi ya yi." Ba kowane yaro abin ya karɓa ba. Akwai wanda aka kawo sau da yawa bai taɓa sakin zanen uwarsa ba, daga baya suka bar garin, ban san yadda ya ƙare ba.

Ranar da ba na mantawa da damina ce, bayan la'asar. Ina tuƙa tuwo, yaron yana zaune kusa da ni, na dama masa fura ina yi masa waƙarta ba tare da na ma dube shi ba. Waƙar ba komai ba ce, ni na ƙaga ta: ga fura ta damu, ga nono ya zo, wa zai sha, wa zai sha. A nan nake tsayawa kullum, in jira, in ba shi. Na tsaya kamar yadda na saba, hannuna na kan muciya.

"Ni."

Wata 'yar murya ce, a dushe, kamar an buɗe tsohuwar ƙofa. Na waiwaya ina neman ɗan maƙwabta da ya shigo. Ba kowa. Na sake waƙar, na tsaya.

"Ni," ya ce, ya miƙo hannu, har da alamar gajiya da jinkirina.

Ban san lokacin da na fita ba. Babu mayafi, babu takalmi, muciya a hannuna tuwo yana ɗiga, na keta gonar rogo cikin taɓo ina kiran Iya. Ta fito a firgice tana zaton gobara ce.

"Ya ce ni! Iya, ya ce ni!"

"Ya ce ke?"

"A'a, ni! Shi! Ya ce ni!"

Da ta gane, tsohuwar nan mai matattun gwiwoyi ta rangaɗa guɗa da dusasshiyar muryarta, ta kama ni muka yi ta juyi a ƙofar gida, kaji suna watsewa. A cikin wannan haukan ne na ji bakina ya ambaci sunan ɗana, da ƙarfi, a gaban matan unguwa da suka fito suka cika layi. Suka tafa hannu suna salati, wata ta ce a kawo mini ruwa in wanke baki. Tuwo kam ya ƙone ƙurmus.

Da maigida ya dawo muka dama wata furar, muka yi waƙa, muka jira. Yaron ya yi mana kallon mahaukata, ya ƙi cewa uffan. Aka dama ta uku. Ranar maigida ya sha fura har ya kasa tashi. Sai bayan kwanaki, yana ɗaure igiyar takalmi zai fita, ya ji yaron ya faɗi kalmar da kunnensa, ya makara a ofis karo na farko a rayuwarsa.

Ɗana bai zama mai yawan magana ba. Kalmominsa sun zo ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu da karin waƙar da suka zo a cikinta. Boko bai yiwu ba, amma da ya tasa wani tela a Kawo ya karɓe shi, ya kuwa iya taka keken ɗinki da natsuwar da ta sa layinsa ba ya karkacewa. Iya ta koma Katsina lokacin da ɗanta ya bar aiki, ta bar mini matan Alhamis, na ci gaba da su har ƙannensa suka yi aure. Sabbin uwaye in sun zo sukan tsaya a bakin zaure suna jin nauyi, sai in miƙa musu ƙwarya in ce su zauna a gefen yaron su saurara tukuna.