Ashirin da Ɗaya a Kan Tiren Shayi

Baba ne ya koya mini wasan ashirin da ɗaya, a ɗakinmu na unguwar Mansur a Makka, da ƙwallayen dabino a madadin kuɗi. Umma ta tsani wasan. "Karta a Makka, Malam? Haram alaik!" Shi kuwa sai ya ce bai taɓa jin wanda ya tsiyace a kan ƙwallon dabino ba.

Wasan ba wuya. Mai rabo zai ba ka kati biyu, ka haɗa lissafinsu. Masu hoton mutum goma-goma ne, mai ɗigo ɗaya kuma ya zama ɗaya ko sha ɗaya, yadda ya fi maka. So ake ka fi mai rabo kusa da ashirin da ɗaya, in ka wuce kuwa ka ƙone. Ba a magana. Mai son ƙari ya buga tire da yatsa, wanda ya ƙoshi ya kaɗa hannu. Baba ɗan ganganci ne, ko sha takwas gare shi sai ya buga, ya ƙone, ya ɗora wa katin laifi.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya tafi da maganarsa da hannun damansa. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, don haka ba mu isa mu kai shi asibiti ba. Wani likita ɗan unguwa ya leƙo sau ɗaya. Na tambaye shi ko Baba yana gane mu. Ya ce, "Allahu a'alam, ya binti," wato 'yata. Wannan amsar ta hana ni sukuni. Ni dai so nake in san ko har yanzu yana jin mu.

Wata Juma'a bayan la'asar na ɗora masa tiren shayi a cinya, na ajiye masa tara da biyar. Yatsan hagunsa ya buga tiren. Na ƙara masa kati, shida ta fito.

"Ashirin, Baba! Halas, shi ke nan, ka cinye ni."

Yatsan ya sake bugawa. Na yi dariya har da hawaye, na ce wa Umma, "Kin gani? Gangancinsa na nan." Na ƙara masa, ya ƙone. Ya kuma bugawa.

Umma ta ce a hankali, "Haka hannun yake yi tun safe, ko babu tire."

Na ji haushinta kamar in yi ihu, don na san ba ƙarya ta yi ba. Na ci gaba da ajiye masa kati ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare a hannuna. Yatsan bai daina ba.