Faifan da Aka Naɗa a Gidan Yari

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga birnin Charlotte na Amurka, ni da wani abokina. Greensboro muka nufa, don duba ɗakin haya da ya samo kusa da jami'ar da zai fara karatu. Titin shimfiɗaɗɗe ne, ba rami, ba mai tsayar da kai ya tambayi abin da ka kawo masa. Mun tsaya shan mai, galan dala uku da 'yan kai, na sayi kofi mai ɗanɗanon ruwan wanke tukunya.

Da hantsi muka shiga East Greensboro, unguwar baƙaƙen fata mai ƙananan gidaje da coci kusan kowace kwana. Mai gidan dattijo ne da ya haura saba'in. Ya soya mana kifi, ya haɗa da burodin masara, ya ce ya san ba ma cin alade. Muna ci ya ɗora wani tsohon faifai a garmaho. Muryoyin maza biyar ne, irin waƙar da suke kira soul, ɗaya yana ja, sauran suna amshi a hankali. Sai da tsigar jikina ta tashi.

Abokina ya juya kwalin faifan, ya ce ashe fursunoni ne, a gidan yari aka naɗi waƙar. Na yi dariya, na ce da Turanci, "To, ɓarayi ma sun iya neman tausayi."

Dattijon ya ajiye cokalinsa. "Mai kaurin muryar nan ni ne," in ji shi. "Shekara tara na yi."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Ci kifinka, ɗana, na ji wanda ya fi wannan. Waƙar ma don yayana na yi ta. Duk ranar ziyara sai in yi aski in zauna, a kira sunan kowa ban da nawa. Har ya rasu bai zo ba."

Abin da ko abokina bai sani ba, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya shekararsa huɗu a gidan yari a gida Najeriya. Duk wanda ya tambaya, ce masa nake yana kasuwanci a Legas. Sau biyu ina zuwa hutu, ban taɓa leƙa shi ba.

Abokina ya karɓi ɗakin. A hanyar dawowa shi kaɗai yake surutu. Muna isa Charlotte bayan la'asar na kira Mama, na tambaye ta wace rana ake ziyara. Ta ce, "Kullum sai ya tambaye ka."

Tafiyar nan ta nuna mini cewa abin da nake kira kare mutuncin gida, tsoro ne kawai. A watan Disamba, in Allah ya yarda, daga filin jirgi wurinsa zan fara.