Harshen Papa Ossai

Duk ranar Asabar, kafin rana ta yi zafi, motocin mutanen Enugu sun cika bakin rumfar Papa Ossai Ugwoke, a ƙauyenmu na bayan Nsukka. Manyan ma'aikata, tumbi kamar sun haɗiyi tulu, su jeru kan benci suna miƙa ƙoƙo kamar marayu. Shi kuwa tsohon tun asuba ya gama hawan itatuwan kwakwarsa ya sauko da gorunan bammi. Siriri ne kamar igiyar da yake hawa da ita, ƙafafunsa sun gwame saboda rungumar itace, akuya sai ta bi ta tsakaninsu ba ta gogi ko ɗaya ba.

Bamminsa ba ruwa, ba sakarin na ƙara zaƙi. In kuwa ya ɗanɗani na wani, zai gaya maka itacen, da wanda ya tatsa, da ko mutumin ya yi faɗa da matarsa kafin ya fito. Ƙarya dai yana shararawa, macijin da ya kashe a saman itace kullum ƙara tsawo yake, bana ya kai daga nan zuwa kasuwa. Amma a kan bammi bai taɓa ƙarya ba.

To, akwai Chibuzo, direban bas ɗin da ke kawo baƙin Asabar. Ba ya sha. Fasinjoji na can suna waƙa, shi yana bayan madafa wai taya Ukamaka, autar tsohon, gasa doya. Doyar da ya ƙona ta isa ciyar da coci guda. Ƙarshe ya zo da danginsa neman aure, da jarkar bammi kamar yadda aka saba. Na uban yarinya ba a saye a kawo masa, sai dai na wani. In ya haɗiye, an buɗe magana.

Yaron da ba ya sha, ina ya san mai kyau? A bakin titi ya saya. Papa Ossai ya kurɓa, ya juya kai ya tofar.

"Ɗana, wannan ruwan rafi ne. Ya dai taɓa bi ta gindin kwakwa sun gaisa."

Zuwa na biyu tsohon ya ce, "Shayi ka kawo mini? Ina burodin?"

Kawun Chibuzo ya kaɗe hularsa, ya ce zuwa ɗaya ya rage, in aka tofar, su nemi mata a Enugu. Ukamaka ta daina cin abinci, ko da yake an gan ta da ƙashin kaza.

Mai bammin kirki ɗaya ya rage a yankin, Odo Nnadi. Shi da Papa Ossai ba sa ga-maciji tun suna da baƙin gashi, kan wata kwakwa ta bakin iyaka da dattawa suka yanke wa Odo. Tun daga ranar Ossai ya rantse bammin Odo ba zai taɓa leɓensa ba, yana kuma gaya wa duk baƙon da ya zo.

Ranar zuwa na uku, matar Papa Ossai ta tare shi a ƙofar ɗaki. "Maigida, in ka tofar da na yau, to ka shirya ciyar da 'yarka har ta yi furfura. Ni kuma na koma gidanmu."

"Gidanku da ya rushe tun zamanin yaƙi?"

"Zan zauna a kangon."

Asabar ce, rumfa cike da baƙi. Sai ga dangin Chibuzo, a bayansu Odo da kansa, gora a kafaɗa, yana washe haƙoransa da suka rage. Ya zuba, ya fara sha kamar yadda mai kawowa ke yi, sannan ya miƙa ƙoƙon.

"Ga shi, gwame. Yau ka ɗanɗani abin da maza ke tatsa."

Papa Ossai ya daɗe yana kallon kumfar. Ya hango Ukamaka laɓe a bayan madafa. Ya kurɓa. Kumatunsa suka cika, ya riƙe shi a baki har mai tumbin da ke kusa ya janye takalminsa. In ya tofar, ya yi ƙarya, kuma kowa a wurin zai sani. In ya haɗiye, Odo zai yi ta ba da labarin har a kabari.

Maƙogwaronsa ya motsa.

"Bammi ne," ya ce. "Mai tatsar ya iya. Ɓarawo ne, amma ya iya."

"Maimaita, kunnena ya tsufa," in ji Odo.

"Daga itacena ka tatso, na bakin iyaka. Yankan ya yi zurfi ta gabas, ka sassauta hannu kada ka kashe mini shi." Ya miƙa ƙoƙon. "Ƙaro. Kai kuma Chibuzo, zauna nan, ka bar doyar mutane ta huta."

Yanzu in ka je ranar Asabar, za ka tarar da Odo a ƙarshen benci, yana jiran sabon baƙo ya zauna ya ba shi labari. Papa Ossai bai taɓa musawa ba. Sai dai ya cika wa baƙon ƙoƙo, ya ɗauko zancen macijin.